Tambaya da Amsa: 'Yata ta fara tuhumar Baba Kirsimeti

Tambaya: Ni uwa ce a Jos, ina da yara biyu. Babbar, mai shekara bakwai, ta dawo daga bikin Kirsimeti na makarantarsu ta ce mini, "Mama, Baba Kirsimetin nan da roba aka ɗaure gemunsa, kuma muryarsa sak ta direban motar makarantarmu." Na yi dariya na kawar da zancen. Jiya kuma ta tsare ni, wai da gaske shi ne yake kawo mata kyauta? Tsorona in ce mata babu shi, ta ɗauka abin da muke koya mata na ibada ma haka yake. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu da fama, 'yar'uwa. Yarinyar da ta hango robar gemu, ta kuma gane murya, ai ta riga ta gama bincikenta. Abin da take nema yanzu shi ne ta ga ko za ki gaya mata gaskiya.

Shekarunta ma daidai suke da lokacin. A 1994 wasu masana halayyar yara biyu a Amurka, Carl Anderson da Norman Prentice, sun yi hira da yaran da suka daina yarda da Baba Kirsimeti. Galibinsu da kansu suka gano, wajen shekara bakwai, kuma yawanci daɗi suka ji da suka gano. Iyayen ne suka fi nuna baƙin ciki. Na sha ganin haka a wurin aiki: uwa tana ta fargaba, ɗanta kuwa sai tinƙaho yake yi, wai shi ba a ruɗinsa.

In ta sake tambaya, fara da mayar mata: "Ke me kike gani?" Ki saurara da kyau. Wani yaron zai ce, "Akwai shi mana!" Wannan bai shirya ba, a bar shi. Amma in ta dube ki ta ce, "Mama, ku ne ko?" to ki ce e, mu ne. Kada ki ƙara wata ƙarya don rufe ta farko, irin su wai direban ɗan aikensa ne. Nan ne amana take fara tsagewa, domin ta tambaya da gaske an amsa mata da wasa.

Batun ibada kuwa, muna da abin da zai taimake ki a gida. Yaron Bahaushe ya san tatsuniya. Da ya ji "ga ta nan, ga ta nanku" ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi, da an ce "ƙurunƙus" ya san an fito. Ba a taɓa jin yaro ya daina yarda da kakarsa don Gizo ya yi magana ba. Matsalar Baba Kirsimeti ita ce an buɗe tatsuniyar ba a rufe ta ba. Sai ki rufe mata. Ki ce, "Wannan wasa ne da manya suke yi wa yara don su ji daɗi. Addu'ar da muke yi kuwa ni kaina na gaskata da ita, shi ya sa kike ganina ina yi ko ba kya wurin." Yara suna gane wannan bambancin fiye da yadda muke zato.

Za ki iya ba ta asalin labarin ma. An yi wani bishop mai suna Nikolas a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Ana ba da labarin cewa da dare ya riƙa jefa zinariya ta tagar wani talaka mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin aurar da su, don kada a san shi ne. Mutanen Holan suna kiransa Sinterklaas, daga nan sunan Santa Claus, wato Baba Kirsimeti, ya fito a Amurka. Tsohon nan mai tumbi da jajayen kaya kuwa, tallan Coca-Cola da aka fara a 1931 ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa kamanninsa a duniya.

Abu guda nake roƙon iyaye su bari: cewa "in ba ka ji magana ba Baba Kirsimeti ba zai kawo maka komai ba." Ɗan maƙwabta da iyayensa ba su da hali zai ɗauka laifi ya yi, alhali aljihu ne bai kai ba.

Saura ƙanenta. Ki ja ta gefe ki ce yanzu ta shiga sahun manya, sirri ne tsakaninku, kada ta fasa wa ƙanenta ko 'yan ajinsu. Bana ki tafi da ita kasuwar Taminus ta zaɓar masa 'yar mota, ta naɗe da hannunta, ta ajiye masa kusa da filo bayan ya yi barci.