Ku Tambayi Anti: 'Yata ta ce tana da ƙawa mai fuffuke

Tambaya: Anti barka da aiki. 'Yata shekararta 7, tunda aka kawo mata littattafan tatsuniyar nan na ƙananan halittu masu fuffuke da sandar siddabaru shikenan ba ta da zance sai nasu, har cewa take tana da ƙawa a cikinsu wai ita ke taya ta hira kafin bacci. Abin ya fara ba ni tsoro wallahi, aljanu ake koya musu ko me? In ƙwace littattafan ne?
Daga wata uwa

Amsa: 'Yar'uwa kwantar da hankalinki, kar ki ƙwace tukuna. Su waɗannan Turawa na ce musu feri, kuma gaskiyarki ta wani ɓangaren, don a tsofaffin tatsuniyoyin Ayalan da Sikotilan ba abin wasa ba ne, tsoronsu ake ji, ana cewa suna sace jariri su ajiye nasu a madadinsa, shi ya sa mutane ba sa ma kama sunansu sai dai su ce "mutanen kirki" don a rabu lafiya. Fuffuken malam-buɗe-littafi da 'yar rigar ƙyalƙyali da kike gani yanzu aikin masu zane ne da marubutan baya-baya, musamman a Ingila ta ƙarni na 19, su suka ƙanƙantar da su suka mayar da su abokan yara.

Bari in ba ki wani labari da ke ba ni dariya kullum. A 1917 wasu 'yan mata biyu 'yan'uwa, Elsie Wright mai shekara 16 da Frances Griffiths mai 9, a ƙauyen Cottingley kusa da birnin Bradford a Ingila, suka ɗauki hoto da feri a bakin rafi, manya suka yi caa a kai, har Arthur Conan Doyle shahararren marubucin nan ya yarda ya buga hotunan a mujalla a 1920. Sai a 1983 da suka tsufa suka amsa cewa zane ne suka yanka a kwali suka kafe da fil ɗin hula (ita dai Frances ta kafe cewa hoto na biyar, wato na ƙarshe da suka ɗauka, na gaske ne). Kin ga su yaran sun san kwali ne, dattawa masu ilimi su aka ruɗa.

Yaro mai shekara 7 yawanci ya san wasa ya san gaske, ƙawar ƙirƙira kuma abu ne da yara da yawa ke yi su bari da kansu. Inda zan so ki sa ido shi ne in ƙawar nan na firgita ta, ko ta hana ta bacci, ko ta daina wasa da yara 'yan'uwanta, to nan sai a ga likitan yara. In ba haka ba ki zauna ku karanta tare, wanda bai dace da tarbiyyarki ba ki ajiye shi gefe ba tare da faɗa ba, ki gaya mata a fili cewa labari ne mutum ya zauna ya tsara.

Daren yau ki tambaye ta sunan ƙawar, da abin da suke yin faɗa a kai. Sau da yawa abin da ya faru da ita a aji ne za ki ji ya fito ta bakin mai fuffuken.