Taya 295 a bayan BMW E90: zata zauna kuwa?

Tambaya:
Salam oga, dan Allah ina da BMW E90 325i, na rage mata tsawo na canza salansa, yanzu tayoyin dake kanta 225/45 R17 ne duka huɗun. So nake na saka mata masu faɗi a baya kamar 295 saboda in an hango ta ta baya ta cika ido kuma ta riƙe titi sosai. Mai faci na yace zai iya ɗora min a kan rim ɗin da nake dashi, wani kuma a Panteka yace sai na sa sifesa. Wanne zan bi? Daga wani ɗan'uwa a Malali.

Amsa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. 295 tayi ma motar nan yawa, kuma a kan rim ɗinka ma bazata zauna daidai ba ko da mai facin ya rantse.

Lambar dake jikin tayar ita ce farkon lissafi. 225 faɗin tayar ne a milimita, 45 tsayin gefenta ne wato kashi 45 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman rim a inci. In ka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama yana kamawa wajen milimita 634. Wannan lambar ka riƙe ta, domin duk tayar da zaka sa a baya dole tsayinta ya tsaya kusa da nan, kar ya kauce da fiye da kashi 2 ko 3 cikin ɗari. Dalili kuwa kwamfutar motar tana ƙirga juyin kowace ƙafa ne, da shi ABS da DSC suke aiki, in na baya suna juyawa daban da na gaba sai ta ɗauka motar na zamewa ne, ka ga wuta ta kama a dashbod ko kana cikin kwana ta riƙa yanke maka wuta ba gaira ba dalili. Masu xDrive ko 4Matic nasu yafi muni, bambancin tsayi yana cinye musu tiransifa kes ne a hankali, kuma kuɗinsa ba wasa ba.

Sai rim. Na E90 mai inci 17 yawanci faɗinsa inci 8 ne, duba bayansa zaka ga an buga 8J. Taya 295 tana son rim mai faɗin inci 10 zuwa 11. Eh mai faci zai iya tura ta da ƙarfe da ruwan omo ta shiga, ba ƙarya yayi maka ba, amma gefunanta zasu matse ciki tsakiyar ta kumburo, kaga ka biya kuɗin 295 amma abinda ke taɓa kwalta bai kai haka ba, tsakiya zata cinye da wuri kuma a kwana zaka ji bayan motar yana lilo saboda gefen tayar na lanƙwashewa. Kamar ka cusa ƙafar babba a takalmin yaro ne.

Abinda nake so ka duba shine me kamfanin da kansu suka sa. E90 ɗin da suka fito da faffaɗan baya daga masana'anta 225/45 R17 ne a gaba, 255/40 R17 a baya kan rim 8.5J, a inci 18 kuma 225/40 gaba 255/35 baya. Lissafa 255/40 R17 ka gani, wajen 636 take, kusan ɗaya da naka. Kai hatta M3 ta wannan ƙirar, mai injin V8 da ƙarfin doki 420 wadda aka buɗa mata bodi musamman, 265 ce a bayanta. Taka 325i bata wuce doki 218 ba kuma salansa ƙara kawai take ƙarawa, ba ƙarfi ba, kar ka ji haushina. To me zata yi da 295? Nauyi kawai zaka ɗora mata, tashinta ya ragu, shan mai ya ƙaru, a wannan tsadar fetur ɗin.

Kuma maganar riƙe titi ɗin nan da samari ke yi, rabinta ne gaskiya. A busasshiyar kwalta mai kyau faffaɗar taya tana taimakawa, musamman in injin yana da ƙarfin da yake sa ƙafar baya ta riƙa karta. Amma in ka bar gaba a 225 ka kai baya 295, bayan ya fi gaban riƙo nesa ba kusa ba, sai ka shiga shataletale da gudu ka murɗa sitiyari motar ta ƙi juyawa tana neman miƙewa. Sannan damina, nan ne nafi jin tsoro wlh. Kasan ruwan Agusta a garin nan, yadda yake kwanciya a baifas ɗin Nnamdi Azikiwe ko hanyar Zariya in an sheƙa shi, faffaɗar taya ruwan da zata ture daga gabanta yafi yawa, in ta kasa sai ta hau kansa ta taso daga kwalta, a lokacin ba birki ba sitiyari, kuma tana fara yin haka ne a gudun da siririya take lafiya lau. In zanen ya sude kuma abin ya ninka.

Yanzu sifesa. Sifesa bata ƙara wa taya wurin zama, tura ƙafar waje kawai take yi. A bayan rim akwai wata lamba ET, na bayan E90 na kamfani ET37 ne, in ka sa sifesa mai milimita 15 ya koma kamar ET22, ka tsere ma gogar shokozoba ta ciki ka faɗa gogar fenda ta waje. Kai kuma ka riga ka sauke motar ƙasa, toh ɗauki mutum uku a baya ka hau bam ɗin cikin unguwa ko ka faɗa rami ɗaya, bakin fenda zai yanki gefen tayar, kuma yankan gefe ba'a facinsa, sai dai sabuwa. In dole sai ka sa, kar ta wuce 10 zuwa 12, ta zama mai leɓen da ke zama daidai kan hob, na motarka 72.6 ne, kuma ka sayi noti masu tsawo daidai da kaurin da ka ƙara, a ɗaure su da ma'auni a kan 120 Nm ba yaron shago ya hau kan sifana da ƙafa ba. Irin wadda ake yankowa a lata ba leɓe, ramukan an faɗaɗa su don su shiga kowace mota, bana sa ma kowa ita. Karkarwa take kawowa tana kuma kashe boris.

Da motata ce ga abinda zan yi. In nemi rim biyu 8.5J masu ramin 5x120, na BMW na asali ana samunsu Beljiyam in ka zaga Panteka da haƙuri, amma kar ka biya sai an ɗora a injin balansin an juya a gabanka, da yawansu sun sha walda an shafe da fenti. Na Marsandi 5x112 ne, na su Lexus da Honda 5x114.3, kar wani yace maka ai zai shiga in an ɗan matsa. Sai in sa 255/40 R17 a baya, gaba in bar 225/45, dukkansu kamfani ɗaya zane ɗaya. Wallahi 255 a kan motar da aka sauke tana cika ido, gwada ka tsaya ta baya ka gani. In har zuciyarka ta nace sai ka wuce nan, 265 kan 9J ita ce iyaka, shima sai fanabita ya naɗe maka leɓen fenda ta ciki a hankali da zafi don kar fenti ya tsage.

Ka sani kuma daga ranar ka daina juya taya gaba zuwa baya, na bayan zasu riga ƙarewa, balle motar da aka sauke ƙafafunta na baya sukan kwanta ciki su cinye gefen ciki kai kana kallon waje kana ganin sabuwa ce. Don haka kana sawa ka wuce alayimen na ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba.

In ta hannu zaka saya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, misali 2321 na nufin sati na 23 a 2021. Wadda ta haura shekara biyar ko shida barta ko da zanenta na sheƙi, robar ta bushe, zafin kwaltar Maris da Afrilu a hanyar Abuja bazai bar ta ba. Kafin ka je kasuwa cire ƙafa ɗaya ta baya ka turo min lambobin dake bayan rim ɗin, da milimita nawa aka sauke motar, sai in faɗa maka ET ɗin da zaka nema.