Amsa: Jasikevicius ya fi iya wasa ko koci?

Malam Sani, ka tambaya ko Sarunas Jasikevicius ya fi ƙwarewa yana ɗan wasan ƙwallon kwando ko yana koci. Gaskiya ni dai na fi ganinsa a cikin fili. Mutumin nan ɗan Lituwaniya ne, kuma sau 4 yana ɗaukar kofin EuroLeague, wato babbar gasar kulob-kulob ta Turai, yana wasa, da Barcelona a 2003, Maccabi Tel Aviv 2004 da 2005, sai Panathinaikos 2009, kai ko a gasar Olamfik ta 2004 maki 28 ya zuba wa Amurka har Lituwaniya ta doke su. NBA, babbar gasar Amurka, ita ce kawai ba ta karɓe shi ba, Indiana da Golden State duk benci ya fi sha don ba shi da gudu kuma tsaronsa sai a hankali.

Koci kuwa a kulob ɗin Zalgiris na Lituwaniya ya fara, ya kai su na uku a EuroLeague a 2018 da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A Barcelona ya ci lig ɗin Sifen amma kofin EuroLeague ya gagara, sai 2025 ya ɗaga shi da Fenerbahce bayan sun lallasa Monaco. Amma fa wajen yi wa 'yan wasa ihu, ba dama!