Amsa: Fate of Atlantis na Steam ko na GOG, kuma me ya sa kiɗan ya bambanta?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wanne ya kamata ka saya tsakanin Indiana Jones and the Fate of Atlantis na Steam da na GOG, sannan ka ce kiɗan da ka ji a wani bidiyo na YouTube ya fi wanda ke fitowa a kwamfutar abokinka cika da daɗi, har kana zargin ko ɗaya daga cikin shagunan yana sayar da wanda aka rage wa inganci. Kwantar da hankalinka, ba a rage komai ba. Na daɗe ina buga wannan wasa, ina da shi a shagunan biyu, kuma bambancin da kunnenka ya kama daga na'urar sautin da ake kwaikwaya ya fito. Wannan kuwa abu ne da kai da kanka za ka iya canzawa.

LucasArts sun fara fitar da wasan a 1992 a faifan fulofi, babu murya, rubutu kawai ake karantawa. A 1993 suka sake fitar da shi a CD, aka saka muryoyin 'yan wasa. Wannan na CD ɗin shi ne shagunan biyu ke sayarwa. Labari ɗaya ne, Indy (wato Indiana Jones) da Sophia Hapgood a 1939 suna tsere da 'yan Nazi wajen neman ɓataccen birnin Atlantis, kuma hanyoyin nan uku da wasan ke rabuwa a kai, ta haɗin gwiwa da Sophia, ta dabara, da ta dambe, duk suna nan a ko'ina. Inda suka bambanta shi ne manhajar da ke tafiyar da tsofaffin fayilolin. Na Steam, wanda ya shigo a 2009, yana zuwa da manhajar Windows da LucasArts suka haɗa masa: ka danna ya tashi, amma wuraren saiti kaɗan ne, kuma kiɗan AdLib, wani tsohon katin sauti na kwamfuta, za ka ji. Na GOG ya shigo a 2014, an naɗe shi cikin ScummVM, manhajar kyauta da masu son waɗannan wasanni ke gyarawa tun 2001. Da ita ne ake samun damar zaɓen na'urar sauti.

To ga asalin maganar. Kiɗan wannan wasa ba naɗaɗɗe ba ne kamar MP3. Abin da ke cikin fayil umarni ne kawai: a busa wannan sauti yanzu, da kayan kiɗa kaza, da ƙarfi kaza, a sake shi bayan ɗan lokaci. Irin wannan umarni shi ake kira MIDI, kuma na'urar da ta karɓi umarnin ita ke samar da sautin. Kamar ka ba mai gurmi da mai goge waƙa ɗaya ne kowa ya kaɗa, za ka gane waƙar a hannun kowanne, amma ba za su yi amo ɗaya ba. Akwai dalilin da ya sa suka yi haka, bayan ƙarancin wuri a fulofi. Michael Land da Peter McConnell sun ƙirƙiro wani tsari mai suna iMUSE, wanda aka fara amfani da shi a Monkey Island 2 a 1991, mai sa kiɗa ya riƙa bin abin da ɗan wasa ke yi. Ka fita daga ɗaki zuwa wani, kiɗan ba ya yankewa, sai ya jira gaɓar da ta dace ya juya. Su biyun tare da Clint Bajakian suka rubuta kiɗan Atlantis a kan wannan tsari.

A wancan zamani yawancin masu kwamfuta katin AdLib ko Sound Blaster suke da shi. Cikinsu akwai ɗan guntun Yamaha mai suna YM3812, wanda ake kira OPL2, mai iya fitar da sauti tara a lokaci guda, duk na lissafi, babu ɗaukar ainihin kayan kiɗa a ciki. Masu hannu da shuni kuma suna da Roland MT-32, wani akwati da ya fito a 1987, wanda ke haɗa gajerun sautukan da aka naɗa da na lissafi, ga shi da amsa-kuwwa a jikinsa. Ina da yaƙinin bidiyon da ka gani da MT-32 aka ɗauke shi, abokinka kuma AdLib yake ji.

In kana so ka ji bambancin da kunnenka, buɗewar wasan ta isa. Indy yana lalube a ɗakin ajiya na saman kwalejin Barnett, sunayen waɗanda suka yi wasan na fitowa, shi kuma yana ta ruftawa daga bene zuwa bene har ya kai ɗakin tukunyar ɗumama gini. Saurari kahonnin da ke busa taken. A AdLib sirara ne, suna da ɗan ƙarfe-ƙarfe a baki, kuma da zarar sautin ya tsaya shi ke nan ya mutu. A MT-32 kahon yana da ƙirji, gangunan suna da nauyi, sautin kuma yana ɗan rataya a iska kafin ya ɓace. Wuri na biyu da nake gwadawa shi ne kasuwar Aljiyas, inda kiɗan ya ɗauko salon Larabawa. A can ne za ka ji yadda Roland ke rarrabe kayan kiɗa ɗaya daga ɗaya, alhali a AdLib suna neman cakuɗewa.

Amma kada wani ya sa ka raina AdLib. Mawaƙan sun shirya kiɗan wannan kati da gangan domin sun san shi ne a gidajen mutane, kuma a cikin duhun Atlantis wannan sanyin sauti nasa yana ƙara wa wurin kwarjini. Ni kaina nakan koma masa.

Yanzu yadda za ka yi. Ko wanne ka saya, sauke sabon ScummVM daga shafinsu, domin wanda ke cikin kunshin shago kan kasance tsoho. Danna "Add Game" ka nuna masa foldar wasan. Yana gane na Steam ma. Abin lura ɗaya: a asalin CD fayilolin da ScummVM ke buƙata uku ne, ATLANTIS.000 da ATLANTIS.001 da MONSTER.SOU, amma a na Steam an cusa na farkon cikin fayil ɗin exe na wasan. Saboda haka in za ka kwashe zuwa wata kwamfuta ko wayar Android, ka haɗa da exe ɗin, in ba haka ba ScummVM ba zai gane wasan ba. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa.

In AdLib kake so, shiga saitin wasan, sashen "Audio", ka zaɓi "AdLib emulator". A ƙarƙashinsa akwai zaɓin mai kwaikwayon OPL: MAME, DOSBox, ko Nuked. Nuked ya fi kusa da ainihin guntun Yamaha, sai dai ya fi cin ƙarfin kwamfuta. In tsohuwar laftof ce ta gwanjo ko ƙaramar waya ka ji tana shaƙewa, koma na DOSBox, bambancin bai kai a damu ba.

MT-32 kuwa yana da sharaɗi. ScummVM yana ɗauke da mai kwaikwayonsa, wanda aka samo daga aikin Munt, amma ba ya aiki sai da fayilolin ROM guda biyu, wato kwafin manhaja da sautukan da ke cikin ainihin akwatin, MT32_CONTROL.ROM da MT32_PCM.ROM. Waɗannan mallakar Roland ne, shi ya sa ba Steam ba GOG ba ScummVM, babu mai haɗa maka da su. Hanyar halal ita ce a kwafo su daga na'urar da mutum ya mallaka, don haka kada a tambaye ni inda ake sauke su. Wanda yake da su sai ya ajiye a foldar wasan ko a inda ya nuna wa "Extra path", ya zaɓi "MT-32 emulator". In ka ga wasu ƙararrakin cikin wasa sun yi shiru, gwada kunna "Mixed AdLib/MIDI mode".

Akwai tarko ɗaya da nake so ka guje wa. Wasu in ba su da ROM sai su zaɓi Microsoft GS Wavetable Synth da ke cikin Windows, ko manhajar FluidSynth da wani SoundFont (fayil ɗin sautukan kayan kiɗa), tunda duk MIDI ne. An rubuta kiɗan Roland na wannan wasa don MT-32 ne, wanda jerin kayan kiɗansa ya sha bamban da na General MIDI, jerin gama-gari da waɗancan ke bi, kuma wasanni kan aika masa sautuka na musamman waɗanda wata na'ura ba ta san da su ba. ScummVM yana ƙoƙarin fassarawa, wani wuri ya yi daɗi, wani wuri kuma ka ji wani kayan kiɗa ya fito inda ba shi aka nufa ba. A wurina in babu ROM, AdLib mai tsabta ya fi wannan rabi-da-rabi.

Muryoyin kam babu mai gyara su. Suna cikin MONSTER.SOU, an naɗe su da ingancin 8-bit, shi ya sa za ka ji ɗan shuu a bayan kowace magana, musamman da iyafis. Haka suke a ko'ina. Abin da za ka iya yi shi ne ka shiga "Volume" ka ɗan rage kiɗa, domin MT-32 kan danne magana, sannan ka saita rubutu da murya su fito tare. In kuma tsattsagewa kake ji ko sautin na yankewa, wannan matsalar kwamfuta ce: buɗe scummvm.ini ka ƙara audio_buffer_size zuwa 2048 ko 4096. In maganar na zuwa a makare, cire iyafis na Bluetooth ka sa mai waya kafin ka zargi wasan.

Wani zai ce me ya sa ba DOSBox ba, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS gaba ɗaya. Yana yi, kuma shi ainihin manhajar DOS ɗin yake tafiyarwa, amma ScummVM ya fi sauƙin saiti nesa ba kusa ba. Akwai kuma DREAMM na Aaron Giles, wanda aka yi musamman don wasannin LucasArts, ga mai son komai ya fito daidai yadda yake a wancan lokaci.

Game da saye, GOG nake ba ka shawara. Yana ba ka fayil ɗin girkawa ka ajiye a filashi, ka ɗora a kwamfuta ba tare da intanet ba kuma ba sai ka buɗe wata manhajar shago ba, wanda a yanayin data da wutarmu ba ƙaramin abu ba ne. Abokinka kuwa da ya riga ya mallaki nasa, ko da na Steam ne, kada ya sake kashe ko sisi, ScummVM kawai zai sauke. In ka gwada ka ga wani abu bai tafi daidai ba, ka faɗa mana irin kwamfutarka da abin da ka zaɓa a sashen "Audio", sai mu duba tare.