Ruwan madara ko ofwait, wanne zan shafa a falo?

Tambaya: Salam malam, mai fenti ya kawo min kati in zaɓi kala, na tsaya tsakanin ruwan madara da ofwait, farin nan mai sirkin toka, ni dai a kati kusan ɗaya na gansu. Falon taga ɗaya ce tana kallon gabas, tayil ɗin ruwan ƙasa, ga yara uku. Wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ai katin nan shi ke rikita mutane, ɗan abu bai fi kwalin ashana ba, amma in suka hau bango wallahi ba ɗaya ba ne. Ruwan madara an ɗiga masa ruwan ɗorawa, ofwait ɗin kuma toka aka ɗiga masa, kuma haske ne ke tona wannan ɗigon.

Kinga tagarki ta gabas ce, hantsi kawai za ki samu rana, daga azahar falon ya koma inuwa, da daddare kuma sai ƙwan fitila, to in ƙwan naki farin nan ne da aka rubuta 6500K a kwalinsa, fentin mai tokar zai yi fayau kamar ɗakin asibiti, sannan a gefen tayil ruwan ƙasa sai ki ga kamar bangon ya yi dauɗa alhali jiya aka shafa shi. Ruwan madara kuwa dangi ɗaya suke da tayil ɗin, ga shi yana ɗan rufa asirin ƙurar hunturu. Ni dai shi zan ce ki ɗauka. Sai dai kar ki haɗa shi da ƙwan fitila mai hasken rawaya da aka rubuta 3000K, rawayar za ta yi yawa.

Amma kafin ki sayi bokitin lita 20, sa mai fentin ya shafa miki kowanne a bango hannu biyu, wato shafi kan shafi, faɗin sallaya, can ƙasa kusa da tayil, ki barshi ya kwana dan ɗanyen fenti ƙarya yake yi. Ki duba da safe, da la'asar, da bayan isha'i.

Saboda yaran nan ki ce fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin kike so, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. In kuma da hannu zai haɗa kalar, ya haɗa ta falon gaba ɗaya a lokaci guda, in ta ƙare a tsakiya haɗi na biyu da wuya ya zo daidai da na farko.