Baba ya koma shayi da biredi, me zan riƙa dafa masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Mahaifina shekararsa 74, mun ɗauko shi daga gida ya dawo wajenmu nan Agege a Legas saboda hawan jini, to tunda ya zo ba abin da yake so sai shayi da biredi safe da dare, nama kuma ya ce haƙoransa ba za su iya ba, kullum ƙara ramewa yake, wandonsa ma sai an ƙara ɗaure mazagi. An ce gwamnati na da tsarin abincin tsofaffi, wai da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Eh akwai, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da jagorar cin abinci tun 2001, kuma ni dai a ganina lokaci ya yi da za a sake dubata, don cimarmu ta canza sosai.

Ramar nan ita ta fi damuna wallahi. Mutum in ya manyanta tsokarsa ke zubewa, shayi da biredi kuwa cika ciki kawai suke yi, ga gishiri a cikin biredin da ba a jinsa a baki. Abinci mai gina jiki yake buƙata kullum, kuma ba sai nama ba. Ki yi masa alale mai taushi, dafaffen ƙwai, faten wake da ya dahu luguf, kunun gyaɗa, kindirmo, ko ki samo kifi titus a kasuwar Mile 12 ki zare ƙayar tas ki marmasa masa cikin miyar kuɓewa ko zogale, ya ci da tuwo mai laushi. Kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar ya fi a tula masa kwano ɗaya ya ture.

Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya kai giram 5 a rana, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin magi fa. Ki rage dunƙule, ki ƙara daddawa da albasa da citta.

Ruwa ki riƙa miƙa masa ko bai tambaya ba, tsofaffi ba sa jin ƙishirwa sosai ga zafin Legas. Sannan dan Allah ki kai shi asibiti a satin nan a gwada suga da ƙoda, ki gaya wa likita zancen ramar, in ƙodar na da matsala shi zai faɗa miki iya waken da kifin da zai ci.