An hana mu dubiyar mahaifiyarmu a asibiti, za mu iya kai ƙara?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Mahaifiyarmu aka yi wa tiyata a wani asibitin gwamnati a cikin garin Bauchi, aka kwantar da ita a ɗakin mata. Ranar Asabar muka cika mota daga Darazo, mu tara, har da kawu da goggo. Mun iso wajen sha biyun rana, mai gadi ya ce ba shiga sai ƙarfe huɗu, kuma ko lokacin ya yi, bibbiyu za a riƙa shiga. Ƙanena ya fusata ya ture shi ya kutsa ciki, ya ɗauki bidiyo yana faɗa da nas, ya ɗora a Facebook. 'Yan sanda suka tafi da shi, sai dare muka karɓo belinsa. Bayan wannan kawu ya nemi likita ya faɗa masa abin da aka gano a jikinta, likita ya ce sai in ita ta yarda. Kawu fa yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke riƙe da mu tun rasuwar mahaifinmu. Akwai dokar da ta ba asibiti ikon raba uwa da 'ya'yanta? Za mu iya kai ƙara?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Na san zafin mutum ya taso tun safe, ga kular abinci a hannu, ga tsofaffi a mota, a tsayar da shi a bakin ƙofa alhali mahaifiyarsa na kwance a ciki. Amma zan faɗa maka abin da zan faɗa wa ƙanena: a kan hana ku shiga da sha biyun rana, ba ku da ƙarar da za ta yi nisa a kotu.

Dalili shi ne, a idon doka haƙƙin dubiya na majinyaci ne, ba na mai zuwa dubiya ba. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da Kundin Haƙƙin Marasa Lafiya ta hannun hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda yanzu ake kira FCCPC. A cikinsa an ambaci haƙƙin majinyaci na karɓar baƙi, amma aka ɗaure shi da sharaɗi: bisa ƙa'idojin asibitin da yake kwance. To ka ga asibiti na da hurumin yanke lokaci da ƙayyade yawan masu shiga. Kasancewarsa na gwamnati bai mai da shi kasuwa ba.

Kuma ƙa'idar ba don wulaƙanci aka yi ta ba. Daga safe zuwa azahar ne likitoci ke zagaye, ake wanke ciwo, ake canza robar fitsari, ake goge wa marasa ƙarfi jiki. A ɗakin mata, wadda ke gadon kusa da Hajiya ita ma uwar wani ce, ƙila a lokacin ba ko mayafi a jikinta, labule ɗaya ne tsakani, wani lokacin ma babu. Wanda aka yi wa tiyata kuma ciwonsa ɗanye ne, tarin mutum ɗaya ko hannun da ba a wanke ba na iya jawo masa wata cutar. Kada mu manta Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba a ƙasar nan tare da Ondo da Edo, kuma cunkoso a gefen gado na cikin hanyoyin da cuta ke bi ta fita daga asibiti ta shiga gari.

Akwai inda hanin zai zama zalunci, wannan kam ba na kare kowa. Idan an bar ayarin mai babbar riga ya wuce aka tsare ku, ko mai gadi ya nemi na goro kafin ya buɗe, ko aka ce ba mai ganinta sai kun biya kuɗin magani, kuna da abin koke. Haka in aka sallame ta amma aka riƙe ta saboda bashi: sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare 'yancin walwalar mutum, bashin asibiti kuwa a kotu ake binsa, ba da tsare majinyaci ba. Sannan da a ce mara lafiya kuka kawo a halin gaggawa, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta ƙin karɓarsa, hukuncin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A wasiƙarka ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Yanzu maganar kawu, wadda na san ita ta fi yi wa dangi ciwo. A al'adarmu babban gida ake fara faɗa wa, shi kuma ya san yadda zai tausasa wa sauran. Doka ba ta bi wannan hanyar ba. Sashe na 26 na waccan dokar ta 2014 ya ce duk bayanin majinyaci sirri ne: ciwonsa, maganin da ake ba shi, har ma kasancewarsa a asibitin. Ba a fitar da shi sai in shi da kansa ya amince a rubuce, ko kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta, ko yaro ne iyayensa suka nema, ko mutum ne da ba ya iya ba da izini wakilinsa ya nema, ko kuma ɓoyewar za ta zama babban haɗari ga lafiyar jama'a. Hajiya babba ce, tana cikin hayyacinta. Ba yayanta kaɗai ba, ko mahaifinku ne ke raye, likita ba zai buɗe masa fayil ɗinta ba sai da yardarta. Da likitan ya faɗa, shi ne zai iya fuskantar tuhuma a gaban hukumar likitoci, wato MDCN.

Ni a ganina wannan doka rahama ce ga iyayenmu mata. Akwai ciwon da mace ba ta son ɗanta ya ji, balle yayanta, balle ya zama abin hira a gidan biki. Kuma mafitar ba wuya. In Hajiya na so kawu ya sani, a rubuta 'yar takarda cewa ta amince a riƙa yi wa wane bayanin jinyarta, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a gaban nas, a liƙa a fayil. Ko kuma ta ce a kira shi ya tsaya a gefenta lokacin da likita ke mata bayani, domin sashe na 23 na dokar ta 2014 ya wajabta a yi mata bayanin halin da take ciki da zaɓin magani da haɗarinsa. In ta nuna ba ta so, ku bar zancen, kada a matsa mata tana kwance.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ƙanenka, kuma shi ya kamata ku sa a gaba. Ture mai gadi, ko da bai ji rauni ba, laifi ne a Final Kod, wato kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Arewa. Kutsawa wurin da aka hana ka, ko ci gaba da zama bayan an ce ka fita da nufin tsoratarwa ko cin mutunci, shi ma laifi ne. In wanda aka ture ma'aikacin gwamnati ne yana bakin aiki, abin ya fi nauyi. Beli kuma ba ƙarshen magana ba ne, ana iya gurfanar da shi a kotun majistare.

Bidiyon ma wata fitinar ce. Idan fuskar wata majinyaciya ta fito a ciki, an taɓa sirrinta da sashe na 37 na tsarin mulki ya kare, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin kariya. Idan kuma a cikinsa ya jefi nas da abin da ba zai iya tabbatarwa ba, ana iya ƙararsa kan ɓata suna. Ya sauke shi daga Facebook yau ɗin nan, ya roƙi waɗanda suka yaɗa su goge. Amma ya ajiye na asalin a wayarsa kada ya taɓa, don in magana ta je kotu lauyansa zai so ya gani.

Daga nan kawu ya jagorance ku wurin shugaban asibitin ko sakatarensa, a ba mai gadi da nas haƙuri baki da baki. Ƙananan laifuka irin wannan doka ta bar musu ƙofar sulhu, kuma in mai ƙorafi ya sauko, abin kan zo da sauƙi. A rubuta sulhun, a kai kwafi ofishin 'yan sandan. Ƙanenka kada ya saɓa ranar da aka ce ya koma, kada kuma ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. In ba halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa tana da ofishi a Bauchi.

In har kuna ganin an ci mutuncinku, sashe na 30 na dokar 2014 ya ba kowa damar kai koke a bincika. Ku rubuta, da rana da lokaci da sunan ɗakin. A asibitin tarayya irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) akwai teburin karɓar koke na SERVICOM, na jiha kuma sai Hukumar Kula da Asibitoci. Sai dai ku fara kashe wutar ƙanenku tukuna.

Game da zuwa na gaba, ku kira mai jinyarta ku ji lokaci kafin ku taso. Masu zuwa daga nesa da tsofaffi, a nemi shugabar nas-nas ta ɗakin cikin ladabi, sau da yawa sukan ba mutum ɗaya ko biyu 'yan mintuna. Ku bar ƙananan yara da masu mura a gida, ku wanke hannu, kada a zauna a kan gado. Kunu ko ruwan rubutu ko jiƙo, kada a ba ta komai sai an tambayi nas, domin bayan tiyata akwai lokacin da ko ruwa ba a so ya shiga cikinta.